Hannun Rigar Liyatu

A ƙarshen kakar 1967, ranar kasuwar Ajingi, Habila ya fara ganin Liyatu. A lokacin agana ta shigo ƙasar Gaya, ana jin labarinta ƙauye bayan ƙauye, har tsofaffi sun daina kiran sunanta, sai su ce "baƙuwa". Habila ma'aikaci ne a wani ƙaramin ɗakin shan magani a Gaya. Duk ranar kasuwa yakan kafa teburinsa a gindin tsamiyar bakin hanya yana duba hannun masu shiga. Mai tabon lamba, wato rigakafin agana, ya wuce, wanda ba shi da shi a yi masa nan take.

'Yan mata biyu suka taho tare. Ɗaya Bafulatana ce da ƙwaryar nono a ka, ɗayar kuma tana sanye da riga mai dogon hannu har wuyan hannu, irin wadda 'yan matan majami'a ke sawa.

"'Yan mata, a ɗaga hannun riga," in ji Habila.

Mai rigar ta dube shi sama da ƙasa. "A tsakiyar kasuwa, Malam? An yi mini lamba tun ina shekara biyar. Innata ce ta kai ni, har yau ina tuna zafin."

"Doka ta ce in gani da idona."

"To dokar ta zo ta gani, kai ka kawar da kai."

Matan da ke layi suka tuntsire da dariya. Habila, wanda ya saba danne ƙartin maza ya tsaga musu hannu, sai ga shi yana sosa ƙeya. Ya tambayi sunanta, wai don ya rubuta, ta ce Liyatu 'yar Ɗantani, daga unguwar Kirista ta gefen Gafasa. Ya rubuta, ya bar ta ta wuce da hannun rigarta a sauke. Ita kuwa Bafulatanar, Kubura, tun yana kallon Liyatu ta zagaya ta bayan tsamiya ta shige abinta. Wanda zai ga laifin Habila ya gani, ni ma na gani, amma so hana ganin laifi ne, kuma ranar ya kamu.

Liyatu da Kubura tare suka tashi. Rugar su Kubura tana bayan gonar Ɗantani, shanun mahaifinta, Hamma, su ke cin karan gonar su bar taki. Liyatu kan jira Kubura ta idar da sallarta kafin su tafi rijiya, Kubura kuma ta san ranar Lahadi ba a neman Liyatu sai an tashi daga sujada. Tun da mahaifiyar Kubura ta rasu, a ɗakin Hansai, mahaifiyar Liyatu, ake yi mata kitso. Saboda haka da wasiƙa ta fara tafiya tsakanin Gafasa da gindin tsamiya, ba a nemi wani ɗan aike ba. A ƙarƙashin faifan ƙwaryar Kubura take zuwa, a nan take komawa.

Ta farko ta ce:

"Zuwa ga 'Yar Gardama. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na duba hannu ɗari uku ranar nan, wanda ban gani ba shi ya hana ni sakat. Ni ɗan mai bishara ne, ba da wasa na zo ba. In kin yarda, iyayena za su zo su gaida Baba. Naki, Habila."

Amsar ta zo da ƙanshin man shanu a jikinta:

"Malam Lamba, na ga saƙo. Na yi addu'a a kai kwana uku, zuciyata ba ta ce a'a ba. Amma ka sani Baba mai sauƙi ne, Inna ce dutsen. Ka riƙa cin abinci, na ga wuyanka kamar na zalɓe. Liyatu."

Duk ranar da Kubura ta kawo wasiƙa, Habila yakan ce, "Yau dai sai na yi miki lamba." Ita kuma ta ce, "Malam, in hannun ya kumbura wa zai ɗauki ƙwarya? Sai kasuwa mai zuwa." Idonsa na kan takarda, sai ya ce to. Haka kasuwa mai zuwa ta yi ta zuwa tana wucewa har aka shiga bazara.

Iyayen Habila sun je, Ɗantani ya karɓe su da fara'a. Dattijo ne a majami'a, ya ce shi bai ga aibu ba, amma 'ya ta uwa ce. Hansai kuwa ko ruwa ba ta aiko ba. Da baƙi suka tafi ta zaunar da Liyatu.

"Ki nemi kowa ban da mai lamba. Ga Filibus tela, yaron kirki, keken ɗinkinsa a ɗaki, ba ya yawo da ciwo a jaka."

"Inna, magani yake ɗauka, ba ciwo ba."

"Haka wancan ma ya ce."

Liyatu ta san wanda ake nufi. Kafin a haife ta, kafin gidan su karɓi bishara, wani mai magani ya zo garin lokacin wata annoba. Ya tsaga hannun ɗan farin Hansai, ya shafa masa ruwan ƙurjin mai agana, wai rigakafi ne. Yaron bai yi sati biyu ba ya rasu. Wanda maciji ya taɓa sara, ko igiya ya gani sai ya gudu. A wurin Hansai duk mai tsaga hannun yaro ɗaya ne, ko da jakar fata ya zo ko da farar riga.

Ana cikin haka Kubura ta ɓace. Kasuwa ta ci ba ta zo ba, wata ta sake ci shiru. Habila ya yi ta leƙen hanya har wuyan nan ya ƙara tsawo. Sai wani mai kayan koli ya ce masa ai kwanan nan ana yawan ganin Filibus a ƙofar gidan Ɗantani. Gaskiya ne, amma rigunan Zumuntar Mata na bikin Ista yake aunawa. Habila bai bincika ba. Ya koma Gaya ya rubuta wasiƙar fushi, ya rasa mai kaiwa, ya cusa ta a aljihu.

Abin da ya faru shi ne baƙuwa ta sauka a rugar Hamma. Zazzaɓi ya fara kada Kubura, sannan ƙuraje suka feso mata a fuska da tafin hannu. Hamma yana da ƙananan yara uku ba uwa. Ya yi abin da kowa ke yi, ya kafa mata bukkar kara can gindin wata kuka, nesa da mutane. Safe da yamma yakan ajiye fura da ruwa a kan wani dutse, ya kira sunanta, ya koma yana share ido. Ya ɓoye maganar don kada a kore shi daga makiyaya, sai da aka kwana takwas Liyatu ta ji.

Ranar Laraba ce, mata suna koyon waƙa a majami'a, ana buga tulu. Liyatu ta miƙe ta ce Kubura ba ta iya rarrafawa zuwa dutsen ma yanzu, furar jiya tana nan ƙudaje na bi. Kowace mace ta kalli ɗan da ke cinyarta, kuma babu mai zarginsu.

"Ni zan je," in ji Liyatu. "An yi mini lamba, ba abin da zai same ni. Kullum muna cewa mu ƙaunaci maƙwabci, to ga maƙwabciya can a gindin kuka."

Ɗantani ya ɗora hannu a kanta ya yi addu'a. Hansai tana rijiya. Kafin ta dawo Liyatu ta ɗauki tabarma da tulu da tsumma mai tsabta ta tafi.

Abin da ta tarar a bukkar ba na faɗa ba ne duka. Idanun Kubura sun kumbura sun rufe, leɓɓanta sun tsage, warin ya isa ya mai da mutum baya. Liyatu ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta durƙusa ta ɗaga kan ƙawarta ta ɗiga mata ruwa.

"Wace ce?" in ji Kubura da ƙyar.

"Wadda kika bari da wasiƙa a hannu. Sha ruwa."

"Liyatu, don Allah ki tafi. Mutuwa ce a nan."

"To ta matsa, wurin ya yi mana kaɗan mu uku."

Da la'asar sai ga Hansai a guje, ɗankwali a hannu. Ta tsaya a wajen dutsen tana kira kamar wadda ɗanta ya faɗa rijiya.

"Liyatu! Fito! Na haɗa ki da Allah ki fito!"

Liyatu ta leƙo. "Inna, kwantar da hankalinki. Ba ke kika kai ni aka yi mini lamba ba?"

Hansai ta saki ɗankwalin da ke hannunta. Ta zauna a ƙasa daɓas, ta ɗora hannu biyu a ka. Ta yi ta zama har rana ta faɗi, Ɗantani ya zo ya kama ta suka koma gida.

Washegari ta yini ba ta ci ba. Ranar Juma'a tun da asuba ta ɗaura zani ta kama hanyar Gaya da ƙafa. Ta isa rana ta take, ƙafafunta sun yi futu-futu, ta tambayi ɗakin shan magani aka nuna mata. Wanda ya san kunyar surukai ya san abin da wannan tafiya ta ci mata. Mace ba ta haɗa ido da mai neman 'yarta, balle ta kama sunansa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Habila," ta ce.

Ya zabura ya durƙusa. "Inna, lafiya?"

"Liyatu tana bukkar mai agana, yau kwana biyu. Kubura ce ta kamu." Ta rage murya. "Lambar da aka yi wa Liyatu tana ƙarama, muna barin wurin na kai ta bayan rumbu na goge da lemon tsami da toka. Na goge har ta yi kuka. Bai kumbura ba, bai yi tabo ba, na yi murna. Shekara goma sha huɗu ban gaya wa kowa ba, ko ubanta. Garin neman gira na rasa ido."

Tsamiyar Ajingi ta dawo wa Habila, da hannun rigar da ya bari a sauke, da "sai kasuwa mai zuwa" da ya yi ta amsawa da to.

"Inna, laifin ba naki ke kaɗai ba ne. Ni aka sa in duba, ban duba ba." Ya ɗauki jakarsa. "Kwana biyu kika ce? In an yi mata yau akwai sauran dama. Gobe ko jibi ban sani ba."

"Ka tsaga. Ko hannun duka za ka tsaga, ka tsaga."

Ya ɗora ta a bayan kekensa. Mutanen hanya sun ga abin da ba su taɓa gani ba, suruka riƙe da rigar surukinta, ana ta faman yashi. Inda keke ya ƙi, su sauka su tura.

Da Liyatu ta gan shi a bakin bukka sai ta gyara ɗankwali, don mace mace ce ko a gindin kuka. Bai gaishe ta ba.

"Ɗaga hannun rigarki."

"Malam Lamba, har nan ka biyo ni da dokarka?"

"Liyatu, ba wasa. Ɗaga."

Ta dubi fuskarsa, ta dubi Inna can wajen dutse tana kuka, ta naɗe hannun rigar har kafaɗa. Fatar sumul take, ko ɗigo babu. Ya gaya mata gaskiya a taƙaice. Ya ga lokacin da maganar ta shige ta, ta kalli hannayenta da suka yini suna wanke ƙuraje.

"Ke nan zan iya kamuwa."

"Za ki iya."

"Zan iya mutuwa."

Ya goge damtsenta, ya ɗiga maganin, ya tsattsaga fatar da allura, yana addu'a a fili ba tare da ya sani ba. Da ya gama ya ce a kafa mata wata bukka ita kaɗai, ta bar jinyar.

"A'a," in ji ta, hawaye na zuba. "Abin da zai shiga ya riga ya shiga. Da ina ganin ba abin da zai same ni, zuwan bai zama komai ba. Yanzu da na sani, in na tafi, me zan ce wa Ubangiji? Ina jin tsoro, Habila, ƙwarai nake ji. Amma ba zan bar ta ba."

Daga bayansu aka ce, "To ba za ki zauna ke kaɗai ba." Hansai ce ta ƙetare dutsen, ta miƙa wa Habila damtsenta, ta kawar da fuska. Ya yi mata, amma ya roƙe ta ta tsaya wajen dutse har lambar ta kama. Kafin magariba ya bi rugar Hamma da unguwar Kirista gida gida yana yin lamba, ba wanda ya ce masa sai kasuwa mai zuwa. Hansai na biye da shi, duk gidan da ta ga lemon tsami sai ta ƙwace.

Sai jira. Habila ya ce kwana goma sha huɗu za a ƙirga. Mai bishara ya sa a riƙa buga ƙarfen majami'a kowace safiya a taru a yi addu'a, ana ambaton Liyatu da Kubura tare. Can ruga kuma Hamma yana nasa roƙon bayan kowace salla, shi ma sunaye biyu yake kira. Habila kan zo kullum bayan aiki, ya duba su, ya ajiye takarda a kan dutse don abin da ba zai iya faɗa a gaban Inna ba.

"'Yar Gardama, yau kwana huɗu. Na ga wurin ya fara ja, alama ce mai kyau. Ki yi gardama da ciwon nan kamar yadda kika yi da ni. In kin tashi da tabo a fuska ko babu, maganata tana nan."

A kwana na takwas zazzaɓi ya kama Liyatu. Jikinta ya yi zafi kamar garwashi, kanta na sarawa, hammatarta ta kumbura. Haka na Kubura ya fara. Hansai ta shiga bukkar ta rungume ta, ta aika a kira Habila. Ya zo ya duba, ya ce lamba in ta kama takan kawo zazzaɓi, agana ma haka take farawa, ba mai iya rabewa sai an ga fuska da tafin hannu nan da kwana uku. Ya faɗi haka da muryar ma'aikaci, sannan ya zagaya bayan kuka ya yi kuka irin na yara.

Kwana ukun nan Hansai ba ta da aiki sai buɗe tafin hannun 'yarta. Ta buɗe ta duba, ta rufe, can an jima ta sake buɗewa. Kubura, wadda ƙurajenta suka fara bushewa, ta rarrafo tana yi wa Liyatu fifita da faifai.

"In kika mutu saboda ni, ba zan yafe miki ba," in ji ta.

A safiya ta uku zufa ta karyo wa Liyatu, ta buɗe ido ta ce tana son koko. Hansai ta jawo ta bakin bukka inda haske yake, ta duba goshi, ta duba kumatu, ta buɗe tafin hannu biyu. Babu komai. A damtse kuwa ga ƙurji guda ɗaya, babba, cike da ruwa, mummuna. Hansai ta kalle shi kamar an ba ta jariri, ta rangaɗa guɗar da aka ji har ruga.

Sai da kwanakin suka cika aka ƙona bukkar da duk abin da ke cikinta. Kubura ta tashi, idonta biyu lafiya, amma fuskar ta cika da zanzana. Habila ya je ruga ya durƙusa gaban Hamma da ita ya nemi gafara. Kubura ta ce, "Ni na ce kasuwa mai zuwa, Malam. Tashi kada shanu su yi maka dariya." Wasiƙar fushin nan kuwa ta faɗo daga aljihunsa, Liyatu ta tsinta ta karanta. Har suka tsufa, in ya yi mata laifi sai ta ce, "Bari in je wurin Filibus a auna ni."

Bayan an yi shuka aka sa ranar aure. Hansai da kanta ta kai wa Filibus yadin rigar amarya. Da ya tambayi tsawon hannu, ta sa yatsa can saman kafaɗa. Ya ce ba a saba yi wa amaryar majami'a haka ba. Ta ce to a saba.

Ranar bikin Kubura ta ƙi fitowa daga ɗakin Hansai, ta lulluɓe fuska, ta ce ba za ta ɓata wa amarya taro ba. Ƙarfen majami'a ya buga sau biyu, ango na jira, Liyatu ta zauna a bakin gado ta harɗe hannu.

"Kin san sunan da yake kira na. In ba ki fito ba, a mai da shinkafar tukunya."

"Mutane za su kalle ni, Liyatu."

"Su kalla. Ke kina da naki tabon, ni ina da nawa, wuri ɗaya muka samo su."

Kubura ta sauke mayafin. Ta riƙe hannun amarya har ƙofar majami'a, ta zauna a inuwa tare da Hamma da mutanen ruga, waɗanda suka zo da ƙwarya goma ta nono. Mata suka buga tulu, aka ɗaura aure, aka fito ana guɗa.

Da za a tafi da amarya Gaya, Habila da Liyatu suka durƙusa gaban iyaye. Ɗantani ya yi tasa addu'ar. Hansai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, don kunyar surukai ta dawo wurinta, ba ta kuma ƙara kama sunan Habila ba har ta bar duniya. Ta miƙa hannu ta ɗora babban yatsanta a kan tabon da ke damtsen 'yarta, ta daɗe tana shafa shi.

"Ubangiji ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana," ta ce. "Kai kuma yaron nan, in sun zo, ka yi musu lambar da hannunka. Ni zan riƙe maka su."

Jama'a suka ce amin, na majami'a da na ruga baki ɗaya.